Ninkin haɗarin cuta: yadda ake auna shi a binciken bin diddigi, da inda lissafin ke karkacewa

Idan aka ce masu shan taba sun ninka waɗanda ba sa sha sau 14 wajen mutuwa da sankarar huhu, daga rabawa ɗaya tak wannan adadi ya fito: an ɗauki haɗarin rukuni ɗaya, an raba da haɗarin ɗayan. Shi ake kira ninkin haɗari, wanda takardun bincike ke taƙaitawa da RR. Rabawar kanta ba ta da wuya. Abin da ke cin shekaru da kuɗi shi ne samo adadi biyun da za a raba, kuma a nan ne mafi yawan ɓarna ke shiga. Wa aka ƙirga, yaushe aka fara ƙirga masa lokaci, wa ya ɓace a hanya, waɗannan su ke yanke hukunci kan ko sakamakon abin dogaro ne.

Tsarin binciken bin diddigi a bayyane yake. Ana tara mutanen da ba su da cutar da ake nazari a kai, a rubuta wanda ke cuɗanya da abin da ake zargi da wanda ba ya yi, sannan a bi su tsawon lokaci ana ƙirga sabbin kamuwa. Haka aka yi a garin Framingham na ƙasar Amurka, inda a 1948 aka fara bin mutum 5,209 ana duba su duk bayan shekara biyu domin gano abin da ke haddasa ciwon zuciya. Haka Richard Doll da Austin Bradford Hill suka yi a Birtaniya a 1951, lokacin da suka aika wa likitoci takardar tambayoyi kan shan taba, aka ci gaba da bin likitoci maza sama da 34,000 har shekara 50.

Sharaɗin farko, wanda ake yawan yi wa sakaci, shi ne duk wanda zai shiga lissafi ya kasance ba shi da cutar a ranar farawa, kuma yana iya kamuwa da ita. Macen da aka cire wa mahaifa ba ta shiga ƙidayar sankarar mahaifa. Wanda ya riga ya kamu da ciwon sukari amma ba a gwada shi ba, idan ya shiga, ranar da aka gano shi za a rubuta shi a matsayin sabon kamuwa alhali tsoho ne. Shi ya sa ake gwajin tantancewa tun daga ƙofa.

Lissafin kansa

Ga misali na koyarwa, da adadin da na tsara domin lissafin ya fito sarai. An bi ma'aikata 10,000 shekara 5. Daga ciki 2,000 suna shaƙar wata ƙura a wurin aiki, 8,000 ba sa shaƙa. A ƙarshe an sami masu ciwon huhu 120 cikin masu shaƙa, da 160 cikin marasa shaƙa.

Wanda ya kalli 120 da 160 kawai zai ce ai cutar ta fi yawa a marasa shaƙa. To amma 120 cikin 2,000 kashi 6 cikin ɗari ne, 160 cikin 8,000 kuwa kashi 2. A raba 6 da 2, ninkin haɗari ya zama 3. Da sakamakon ya fito 1, babu bambanci ke nan. Da ya faɗi ƙasa da 1, misali 0.7, sai a ce cutar ta ragu da kashi 30 cikin ɗari a rukunin masu cuɗanya.

Daga wannan jadawali ɗaya akwai wasu adadi uku da ya kamata su fito tare da 3 ɗin. Na farko bambancin haɗari: 6 a debe 2, saura 4, wato ƙarin mutum 4 cikin kowane 100 a shekara 5. Na biyu kason da za a ɗora wa ƙurar a cikin masu shaƙa: a debe 1 daga ninkin, a raba da ninkin, 2 bisa 3, kusan kashi 67 cikin ɗari. Na uku kason da za a ɗora mata a dukan ma'aikatan: jimillar masu ciwo 280 cikin 10,000, kashi 2.8, da babu mai shaƙa da kashi 2 ne, saboda haka 0.8 a raba da 2.8, kusan kashi 29. Na biyu da na uku suna da ma'ana ne kawai idan ƙurar ce da gaske ke jawo ciwon, kuma rabawa ba ta isa ta tabbatar da wannan ba.

Sai kuma tambayar ko 3 ɗin nan dace ne. Amsarta tana cikin iyakokin amincewa na kashi 95 cikin ɗari, wato tazarar da bayanan suka yarda ainihin ninkin na iya kasancewa a cikinta. Ba a lissafa su kai tsaye a kan ninkin, domin ba shi da daidaito a ɓangarori biyu: raguwa tana matse ne tsakanin 0 da 1, ƙaruwa kuwa ba ta da rufi. Don haka ake komawa logaritim. Logaritim na halitta na 3 shi ne 1.099. Sannan a haɗa 1 bisa 120, a debe 1 bisa 2,000, a ƙara 1 bisa 160, a debe 1 bisa 8,000, jimilla 0.01396. Tushen murabba'insa 0.118. A ninka da 1.96, a sami 0.232. A debe wannan daga 1.099, a kuma ƙara shi, za a sami 0.867 da 1.330. Idan aka maido su daga logaritim, iyakokin sun zama 2.4 zuwa 3.8. Lamba 1 ba ta ciki, kuma tazarar ba ta da faɗi.

A duba abin da ya fi nauyi a wannan lissafi: 1 bisa 120 da 1 bisa 160. Yawan waɗanda suka kamu ne ke matse iyakoki, yawan waɗanda aka ɗauka yana taimakawa ne kawai gwargwadon kamuwar da ya samar. Da mutum 50 aka bi masu shaƙa, 3 suka kamu, da 200 marasa shaƙa, 4 suka kamu, ninkin zai fito 3 daidai kamar da, amma iyakokin za su tashi daga 0.7 zuwa 13. Irin wannan sakamako bai nuna haɗari ba, bai kuma nuna babu shi ba. Kuskure ne babba a rubuta "ba a sami alaƙa ba" a kansa, tunda ninki 13 ma yana cikin abin da bayanan suka yarda da shi. Saboda haka, kafin a fara bincike kan cuta mai wuyar samu, kamuwa nawa ake sa ran gani ita ce tambayar da za ta faɗi mutum nawa za a ɗauka da shekara nawa za a bi su.

Lokaci da waɗanda suka ɓace

Misalin sama ya ɗauka cewa an bi kowa shekara 5 cif. A zahiri ba haka ake samu ba. Wani ya shigo a shekara ta biyu, wani ya ƙaura, wani ya rasu a hatsarin mota. Maganin shi ne a ƙirga lokacin da kowane mutum ya bayar, tun daga ranar shigarsa har ranar da ya kamu, ko ya rasu, ko aka daina jin ɗuriyarsa, ko binciken ya ƙare, duk wanda ya fara zuwa. Mutum 10 da aka bi shekara 3 sun ba da shekarun bibiya 30. Idan masu shaƙa sun ba da 9,000, kamuwa 120 ta zama 13.3 a kowace 1,000. Idan marasa shaƙa sun ba da 38,000, kamuwa 160 ta zama 4.2. Ninkin ya kusa 3.2. Wannan ninkin saurin kamuwa ne, ɗan'uwan na farko, kuma suna kusantar juna matuƙar cutar ba ta da yawa. Tsarin da David Cox ya gabatar a 1972, wanda yau ake amfani da shi kusan ko'ina kuma ake rubuta sakamakonsa da HR, a kan wannan tunani aka gina shi. Yana da sharaɗi guda da ya kamata a gwada: ninkin ya tsaya kusan daidai a tsawon bibiyar. Idan abu yana da haɗari a shekarar farko sannan ya lafa, adadi ɗaya na shekara 10 zai binne labarin duka.

Ƙirga lokaci yana gyara ɓacewar da ba ta da alaƙa da cutar. Wadda ke da alaƙa da ita, babu lissafin da ke gyara ta gaba ɗaya. A ce cikin masu shaƙa 120 da suka kamu, 30 sun bar aiki sun koma gida da tari ya fara damunsu, ba a kuma same su ba. Abin da mai bincike zai gani shi ne 90 cikin 1,970, kashi 4.6, ninki ya sauko zuwa 2.3. Mutum 30 kacal cikin 10,000 suka ɓace, amma su ne ainihin waɗanda ake nema. Don haka faɗin cewa an bi kashi 95 cikin ɗari har ƙarshe bai wadatar ba. Sai an nuna kason da ya ɓace a kowane rukuni daban, an kwatanta halinsu na ranar farawa da na waɗanda suka tsaya, sannan an sake lissafi bisa mafi munin zato a ga ko ninkin zai tsira. Zaɓen likitoci da Doll da Hill suka yi dabara ce a kan wannan matsala, domin likita yana cikin rajistar sana'arsa, gano inda yake ko sanin ya rasu ba shi da wuya.

Akwai wani kuskuren lokaci da ya fi wannan ɓuya, kuma ya yi yawa a binciken magunguna da ake yi daga bayanan asibiti. A ce an sallami marasa lafiya, sai aka kira duk wanda ya karɓi wani magani cikin wata 6 na farko "mai shan magani", aka kuma fara ƙirga wa kowa lokaci daga ranar sallama. Wanda ya karɓi maganin a wata na biyar dole ya rayu wata biyar ɗin kafin ya karɓa. Wanda ya rasu a wata na biyu bai sami damar karɓa ba, sai ya faɗa cikin marasa sha. Ko da maganin ba ya komai, lissafi zai nuna yana ceton rai. Gyaran shi ne watannin da suka gabaci karɓar magani a zuba su a ɓangaren marasa sha, mutum ya sauya rukuni a ranar da ya fara sha.

Abu na uku

Mu koma ga ma'aikatan nan, mu raba su gida biyu bisa shekaru. Cikin masu shaƙa 2,000, rabi manya ne, rabi matasa. Manya 1,000 sun ba da kamuwa 100, matasa 1,000 sun ba da 20. Cikin marasa shaƙa 8,000, manya 2,000 ne da kamuwa 100, matasa 6,000 da kamuwa 60. Jimilla ba ta canza ba, 120 da 160 ne har yanzu. Amma a tsakanin manya kaɗai, kashi 10 ne a kan kashi 5, ninki 2. A tsakanin matasa kaɗai, kashi 2 ne a kan kashi 1, ninki 2. To ina 3 ta fito? Ta fito ne daga cewa manya sun cika rabin masu shaƙa, alhali rubu'i ne kawai na marasa shaƙa, su kuma manya dama sun fi kamuwa ko babu ƙura. An ɗora wa ƙura wani ɓangare na nauyin shekaru.

Abu na uku, kamar shekaru a wannan misali, yana rikita lissafi irin haka idan ya cika sharaɗi uku: yana da alaƙa da cuɗanyar, yana jawo cutar da kansa, kuma ba ya kan hanyar da cuɗanyar ke bi ta jawo cutar. Sharaɗi na uku ne ake yawan takawa. Idan ƙiba tana jawo bugun zuciya ta hanyar hawan jini, sai mai bincike ya daidaita hawan jini a lissafi, wato ya cire tasirinsa kamar yadda muka yi wa shekaru, to ya share wani ɓangare na illar da yake son aunawa da hannunsa. Zuba duk abin da aka auna cikin kwamfuta ba tare da tunanin me ke jawo me ba, a ganina, ya fi rashin daidaitawa haɗari, domin yana ba da sakamako mai kama da an yi tsanaki.

Hanyar Mantel da Haenszel ta 1959 tana haɗa ninkin gida-gida zuwa adadi ɗaya mai nauyi daidai gwargwado, kuma har yau ina ganin ya kamata a fara da ita kafin a tafi ga manyan tsare-tsaren lissafi, saboda tana tilasta wa mutum ya kalli kowane gida da idonsa. Idan ninkin manya ya fito 4 na matasa 1.2, haɗa su ɓarna ce. Wannan bambanci shi kansa sakamako ne, a ba da rahoton kowanne daban.

Ba a iya daidaita abin da ba a auna ba. Binciken ma'aikatan jinya na Amurka, wanda ya fara a 1976 da mata 121,700, ya nuna ƙarancin ciwon zuciya a matan da ke shan maganin sinadarin jiki bayan ɗaukewar al'ada. Da aka yi babban gwaji inda ƙuri'a ce ta raba mata zuwa masu shan magani da masu shan na bogi, sakamakon da ya fito a 2002 bai nuna wannan kariya ba, ƙaruwar haɗari ma ya nuna ga masu shan haɗin sinadarai biyu. Daga cikin bayanan da aka yi akwai cewa matan da suka zaɓi maganin da kansu sun bambanta da sauran a lafiya da hali, akwai kuma bambancin shekarun da aka fara sha. Makamancin wannan yana faruwa a binciken masana'antu: idan aka kwatanta ma'aikata da jama'a gaba ɗaya, ma'aikata sukan fito da ƙarancin mutuwa, tunda marar lafiya ba ya samun aikin tun farko ko ba ya daɗewa a kai. Kwatancin da ya fi shi ne tsakanin ma'aikatan wuri ɗaya, masu shaƙa da yawa da masu shaƙa kaɗan.

Awon cuɗanyar ma yana da nasa rauni. A ce kashi 20 cikin ɗari na masu shaƙa an rubuta su marasa shaƙa, kashi 10 na marasa shaƙa kuma an rubuta su masu shaƙa, ba tare da la'akari da wa zai kamu ba. Sabon jadawali zai nuna 112 cikin 2,400 a kan 168 cikin 7,600, ninki 2.1 maimakon 3. Irin wannan kuskure, idan rukuni biyu ne, yakan ja ninki zuwa 1, ya ɓoye haɗarin da ke akwai. Wanda ya fi muni shi ne idan likitan da ke tantance cutar ya san wa ke shaƙa, ya fi tsananta bincike a kansa. Wannan yana kumbura ninki. Shi ya sa ake ɓoye wa mai tantancewa rukunin da mutum yake. Sannan cutar da ba ta bayyana ba tana iya canza halin mutum: mai sankarar da ba a gano ba yana ramewa, sai lissafi ya nuna rama ce ke jawo mutuwa. Ana rage wannan ta hanyar cire kamuwar shekarun farko na bibiya a sake lissafi.

Girman ninki da girman matsala

Bayan shekara 20 ana bin likitocin Birtaniya, Doll da Richard Peto sun fitar da sakamako a 1976. Mutuwa da sankarar huhu ta kai 140 cikin 100,000 a shekara ga masu shan sigari, 10 ga marasa sha: ninki 14, bambanci 130. Mutuwa da ciwon jijiyoyin zuciya kuwa 669 ce a kan 413: ninki 1.6 kacal, amma bambanci 256. Taba ta fi kashe likitocin nan ta zuciya fiye da ta sankarar huhu, duk da ninkin zuciya ƙarami ne, saboda ciwon zuciya dama yana da yawa. Ninki yana amsa tambayar ƙarfin alaƙa. Tambayar rayuka nawa, bambancin haɗari ne ke amsa ta.

Illar sakin ninki shi kaɗai ta bayyana a Birtaniya a 1995, lokacin da aka yi gargaɗin cewa sabon nau'in ƙwayoyin hana ɗaukar ciki yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya sau biyu. Gaskiya ne, amma ma'anarsa ita ce daga kusan mace 1 cikin 7,000 zuwa 2 cikin 7,000. Mata da yawa suka daina sha a tsorace, aka sami ƙaruwar cikin da ba a shirya ba, alhali shi kansa ciki yana ƙara haɗarin daskarewar jinin. Duk wanda zai rubuta ninki, wajibi ne ya rubuta haɗarin asali kusa da shi, da tsawon lokacin da ake magana a kai.

A kula kuma da wani adadi mai kama da ninkin haɗari, wanda ake rubutawa OR. Shi yana raba masu kamuwa da marasa kamuwa ne a kowane rukuni kafin ya kwatanta. A misalinmu, 120 bisa 1,880 a kan 160 bisa 7,840 ya ba da 3.1, kusa da 3, domin cutar ba ta da yawa. Amma idan kashi 60 ne a kan kashi 30, ninkin haɗari 2 ne, OR kuwa 3.5. Wanda ya karanta shi a matsayin "sau uku da rabi" ya kusa ninka gaskiya biyu. A binciken bin diddigi, inda ake da adadin kowa, babu dalilin ba da OR a madadin ninkin haɗari idan cutar ta wuce kusan kashi 10 cikin ɗari.

Girman ninki yana da amfani wajen auna yadda abu na uku zai iya bayyana shi. Jerome Cornfield da abokan aikinsa sun nuna a 1959 cewa idan masu shan taba sun ninka marasa sha sau 9 a sankarar huhu, to duk wani ɓoyayyen abu da za a ce shi ne ainihin sanadi dole ya fi yawa a masu sha aƙalla sau 9, kuma ba a taɓa nuna irin wannan abu ba. A Taiwan, binciken Palmer Beasley da aka buga a 1981 ya bi maza 22,707, ya sami ninki sama da 200 na sankarar hanta ga masu ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Babu ɗan kuskuren awo da zai haifi irin wannan adadi. Ninki 1.2 kuwa, ƙaramin bambanci a shan taba ko motsa jiki tsakanin rukunan biyu ya isa ya ƙirƙire shi. Wannan bai sa ƙananan ninki su zama ƙarya ba. Hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da ninki 1.18 a 2015, na sankarar hanji ga kowane giram 50 na sarrafaffen nama a rana, amma ta dogara ne da bincike masu yawa daga al'ummomi daban-daban, da ƙaruwar haɗari gwargwadon ƙaruwar ci, da kuma bayanin yadda abin ke aiki a jiki. Irin waɗannan ma'aunai ne Bradford Hill ya jera guda 9 a 1965, kuma cikinsu ɗaya ne kawai ba a sassauci a kansa: cuɗanya ta riga cutar zuwa.